Ragowar nonon jiya

Abin lura ne yadda Bafillatana ke kwantar da nono. In ta tatso madara, sai ta ɗiga mata ɗan ragowar kindirmon jiya, ta rufe ƙwarya da faifai. Kafin gari ya waye duk ta kama. Haka masu kawo nono kasuwar Madarunfa ke yi, kuma ba wanda ya taɓa ce musu tsohon kaya suka kawo.

Kiɗa ma haka yake haihuwa. Tsaya wurin samarin da ke tura waƙoƙi a waya a tashar Maradi, ka kasa kunne: ƙarƙashin fiyano ga kalangu, ga kari irin na fim ɗin Indiya, ga wata murya da aka yanko tana ta maimaituwa. Aron nan ba yau aka fara ba. Abdu Yaron Goge ya juya waƙar fim ɗin Indiya da gogensa, ’yan Ushaƙu Indiya na Kano suka ɗora begen Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya. Mdou Moctar, Buzun Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa Anar a 2008, da salon situdiyon Hausa, ya bazu waya zuwa waya. Ni dai ban ga aibu a nan ba.

Sai dai su da kunne suka ara, suka sake kaɗawa da hannunsu. Kwamfuta kuwa guminka kansa take ɗebowa. A 1969 ƙungiyar The Winstons ta Amurka ta fitar da “Amen, Brother”. A tsakiyarta makaɗinsu Gregory Coleman ya yi bugun ganga shi kaɗai na kamar daƙiƙa 6. Wannan ɗan guntun ya shiga dubban waƙoƙi, daga hip-hop har kiɗan rawa na Ingila, mutumin kuwa ya rasu a 2006 bai ga ko dala ba. Manu Dibango na Kamaru bai yarda ba: da amshin waƙarsa “Soul Makossa” ta 1972 ya ɓulla a waƙar Michael Jackson, sai da aka biya shi, kuma a 2009 ya koma kotu a Faris saboda waƙar Rihanna.

Dibango a lokacin yana da lauya. Mai gurmin da aka ɗauki kiɗansa da waya a wajen biki a gefen tabki fa? Akwai hukumar haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai, amma sai ka yi rajista take sanin da zamanka, shi kuwa ko kuɗin mota bai haɗa ba.