Gida Na Shugaba Ne, Ko Shugaba Na Gida?

A ekklesiyoyinmu na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan babu abin da ke raba zumunta kamar maganar shugabanci. Ran zaɓen dattawa ko sauya fasto, sai ka ga waɗanda suka ci jibin Ubangiji tare sun daina gaisuwa. Bari mu tambayi kanmu: gida na shugaba ne, ko shugaba na gida?

Mu fara da ƙasarmu. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, mabiyan koyarwar Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano, suka sadu da Likita Miller a Zariya. Ba a daɗe ba aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi ta ƙasar Makarfi, suna noma tare, suna sujada tare, Rabaran W. A. Thompson yana lura da su. Sai ciwon barci ya faɗa musu, mutane da yawa suka mutu, sauran suka koma Zariya. Ga idon duniya aikin shugaban nan ya rushe. Amma zuriyarsu na cikin waɗanda suka ƙarfafa ekklesiyar Wusasa bayan 1929.

Irin wannan zaman tare tsohon abu ne a wurin masu bi. A Duram ta Ingila, tun 1083, sufaye suka zauna gida ɗaya a jikin babbar majami'a. Bishop ne uban gidan a suna, amma akwai shugaba na biyu wanda ya ke ɗauke da nauyin abinci da gonaki da horo da addu'ar kullum. A 1093 shugaban gidan, Turgot, shi da Bishop William suka sa harsashin sabuwar majami'a. Bishop ya rasu a 1096, Turgot a 1115, ba a gama ginin ba sai 1133. Ba wanda ya ga ƙarshensa a cikinsu, amma yana nan tsaye har yau.

A wannan gida kuwa, a 1300, Bishop Antony Bek da shugaba Richard na Hoton suka yi jayayya a kan iko. Aka kewaye gidan da mayaƙa, aka fizge Richard daga kujerarsa. Ƙara ta kai gaban Paparoma, aka mayar da shi, duk da haka rigima ba ta kwanta ba har ya mutu a 1308.

Wani zai ce, “Ashe, sai shugaba ya yi shiru ko da ana zaluntar jama'arsa?” A'a. Richard yana da hujja, gama yana tsaron 'yancin 'yan'uwansa ne, makiyayin da ya gudu daga kura kuwa ba makiyayi ba ne. Amma zuciya mai ruɗi ce. Sau da yawa mu kan ce muna tsaron garke, alhali kujera mu ke tsaro.

Ga ma'auni. Idan an ce mu sauka gobe, aikin kuma ya ci gaba lafiya a hannun wani, za mu yi murna ko baƙin ciki? Wanda ya yi baƙin ciki ya mai da gidan nasa. Ubangijinmu da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa (Yohanna 13). Fasto, dattijo, mai bishara, shugabar zumuntar mata, kowa ya auna zuciyarsa kafin zaɓe mai zuwa. Allah ya taimake mu. Amin.