Kara A Wajen Ciniki, Rigima A Wajen Biya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Duk wadda ta taɓa shiga hidimar biki ko suna ko ziyarar makaranta ta san abin da ake kira shatar mota. Mu mata mu ne kan gaba wajen wannan harka, domin mu ke kai amarya, mu ke kai gara, mu ke tafiya ta'aziyya ƙauye a ayari. Amma sau nawa muke tsayawa mu tambayi kanmu: idan motar ta lalace a tsakiyar hanya, ko aka samu saɓani a kan kuɗi, haƙƙin wa ke wuyan wa? Ni ma ban taɓa ba abin muhimmanci ba sai da ya faru a kaina.

A watan Mayun 2023 muka sa ranar kai 'yar yayata ɗakinta a Zariya. Maigidan wata maƙwabciyata yana da bas, don haka na je na same shi na ce muna son shata daga Kano, mutum goma sha huɗu. Da na tambayi kuɗi sai ya ce, "Haba Malama, ni da ke har sai an yi ciniki? Idan an dawo a ba da abin da ya sauƙaƙa." Na ji daɗin maganar, na yi godiya na taho. A ranar 29 ga wannan wata sabuwar gwamnati ta sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. Shi yana lissafi da sabon farashi a ransa, mu kuma muna lissafi da abin da muka saba biya, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Ranar tafiya mutum goma sha huɗu suka zama goma sha takwas, ban da yara a cinya, ga buhunan shinkafa da jarkokin mai da aka danna a baya. Ya kalli kayan ya girgiza kai, bai ce komai ba. Mun kusa Kwanar Dangora sai mota ta ɗau zafi, lagireto na tafasa, ashe fanbel ne ya tsinke. Awa uku muna gindin bishiya da amarya a lulluɓe, daga ƙarshe muka tari wata motar muka biya ta ƙarasa da mu. Washegari ya aiko a ba shi cikakken kuɗin shata a sabon farashi, haɗe da kuɗin bakanike, wai lodinmu ne ya kashe masa mota. Yaya kuwa ta ce ko sisi ba za ta bayar ba, tunda bai kai mu ba, kuma ya kunyata ta a gaban dangin ango. Wata biyu ni da maƙwabciyata ko gaisuwa ba ma yi, ga shi 'ya'yanta uku a ajina suke a Islamiyya.

Wannan ne ya sa na koma na buɗe littafin da nake karantarwa, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. A babin ciniki ya yi bayanin hayar dabbar hawa, domin raƙumi da jaki su ne motocin wancan zamani, kuma hukuncin ya zauna daram a kan namu. Abubuwa uku na tsinta.

Na farko, haya ciniki ce, amfanin abu ake saya. Saboda haka dole a san kuɗin, a san nisan tafiyar, a san abin da za a ɗauka, tun kafin a tashi. "Abin da ya sauƙaƙa" ba farashi ba ne, domin abin da ya sauƙaƙa a wurina ba shi ne ya sauƙaƙa a wurinsa ba. Idan kuwa an riga an yi tafiyar ba a ambaci kuɗi ba, malamai suka ce sai a koma ga abin da ake biyan irin wannan mota a irin wannan tafiya a lokacin da aka yi ta. Kun ga ke nan a nan gaskiya tana wajensa: farashin ranar tafiya za a bi, wanda kowa zai iya zuwa tasha ya tambaya.

Na biyu, wanda ya yi hayar wata dabba takamaimiya zuwa wani gari sai ta mutu a hanya, hayar ta warware a abin da ya rage na tafiyar. Zai biya gwargwadon inda aka kai shi, sauran kuma ya faɗi. Amma idan yarjejeniyar ita ce "zan kai ku Zariya" ba tare da an ayyana abin hawa ba, to wajibi ne mai haya ya kawo wani ya ƙarasa da su. Mu dai motarsa muka ayyana, ta kuma kai mu kusan rabin hanya. Don haka shi ba shi da cikakken kuɗi, Yaya kuma ba ta da ikon hana shi na rabin da ya ƙona mai ya kai mu.

Na uku, wanda ya karɓi abu haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa, kuma ana gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Gyaran mota, da taya da birki da batir da fanbel, duk a kan mai ita suke, domin kuɗin hayar da yake karɓa na lafiyayyar mota ne. Sai dai wannan aminci yana faɗuwa idan mai haya ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi sharaɗi, kamar ya ƙara kaya, ko ya wuce garin da aka ambata.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Da bakina na ce mutum goma sha huɗu, kuma a gabana aka cusa sauran ina kallo. Duk tsawon wata biyun nan laifinsa kawai nake hangowa, ashe gaskiyar Bahaushe ne da ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ma daga baya ya amsa cewa bakanike ya daɗe da gaya masa ya canja fanbel ɗin, ya yi ta jan ƙafa, bai kuma faɗa mana ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓoye aibin mota ga wanda zai ɗora iyalinsa a ciki ha'inci ne, kuma a kan manyan hanyoyinmu ya wuce maganar kuɗi, ya zama maganar rai.

To amma tambayar da ta fi damuna ita ce: me ya hana mu magana tun farko? Kara ce. An tarbiyyantar da mu a kan cewa tsananta ciniki da maƙwabci ko ɗan'uwa rashin kunya ne, kuma ba na musun cewa kara ɗabi'a ce mai kyau, ita ke riƙe da zaman tare. Wata za ta ce, idan komai sai an ƙididdige an rubuta, ina zumunci? Amsata ita ce, mu duba abin da karar ta haifar. Minti biyar na jin nauyi muka guje wa, muka sayi gaba ta wata biyu. Karar gaskiya ita ce mutum ya san haƙƙinsa nawa ne sannan ya yafe da yardar ransa. Wanda bai faɗi kuɗi ba alhali yana da adadi a zuciyarsa bai yafe komai ba, ya dai ɗage rigimar ne zuwa ranar biya.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka umarta, mutanen da suka fi mu amana. A Suratul Ƙasas, lokacin da dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa aiki, ga shi zai zama surukinsa, sai da aka ambaci shekara takwas, aka ce cikon goma ganin dama ne. Idan surukuta ba ta hana fayyace sharaɗi ba, maƙwabtaka ba za ta hana ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Don haka 'yar'uwa, kafin ki ba da kafin alƙalami, ki tabbata an yi magana a kan waɗannan: nawa ne kuɗin, zuwa kaɗai ne ko da dawowa, wa zai zuba mai, awa nawa direba zai jira, mutum nawa da kaya nawa, kuma idan mota ta tsaya a hanya yaya za a yi. A yi a gaban shaida, ko a tura a saƙon waya ya amsa. Idan maigida ne ya karɓo mota daga kamfanin haya zai tuƙa da kansa, ki tuna masa ya zagaya ta tare da mai ita, a ɗauki hoton duk wani ƙwarzane ko lotsawa, a duba safiya taya da jak da yawan man da ke ciki, domin yawancin musu a wajen mayarwa a kan waɗannan yake tashi. Ke kuma idan kin faɗi adadi, ki tsaya a kansa, ko da za a ce kin cika tsanani.

Mu dai limamin unguwarmu ne ya zaunar da mu. Aka aika tasha aka tambayo kuɗin shatar Zariya a wancan mako, muka biya rabi, muka ƙara masa wani abu saboda lodin da muka wuce da shi, shi kuma ya janye maganar kuɗin gyara. Na je har ɗakin maƙwabciyata na ce, "Maman yara, ki yafe ni, ni na fara yin shiru a inda ya kamata in yi magana." Muka yi kuka muka yi dariya. Bayan wata shida muka sake ɗaukar motarsa zuwa suna, kuma kafin in buɗe baki ya ce, "Malama, bari mu yi ciniki tukuna."

Allah ya raba mu da cin haƙƙin wani, ya sa mu gama da duniya lafiya. Wassalamu alaikum.