Motar ƴan sa kai: yaushe kyauta ke zama alkawari?



Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, idan ƙafar ta gaji fa, ido ya yi rauni, ƴaƴa kuma sun koma birni, ta ina zumunta za ta bi? Wannan tambaya ta daɗe tana damun mutanen karkarar Turai. Maganin da wasunsu suka samo mata shi ne ya jawo hankalinmu ga wata mas'ala da muke son mu duba tare da ku a wannan fitowa.

A ƙasar Birtaniya, rahoton Beeching na shekarar 1963 ya ba da shawarar a rufe tashoshin jirgin ƙasa fiye da 2,000, aka kuwa rufe mafi yawansu, aka ce wa mutanen ƙauye bas za ta maye gurbi. Amma da magidanta suka yi ta sayen motocin kansu, sai fasinja ya ragu, kamfanoni suka janye daga hanyoyin da ba su kawo riba. Mai mota bai ji komai ba. Waɗanda suka ji a jikinsu su ne tsohuwar da mijinta ya rasu, wanda dā shi ke tuƙa ta, da dattijon da likita ya hana shi tuƙi, da mai naƙasa. Suna da gida, suna da abinci, amma mako ya kan wuce ba su yi magana da ɗan Adam ba. Tun shekarar 2008 tsofaffin Ingila ke da katin shiga bas kyauta, sai dai ina amfanin kati a garin da bas ba ta zuwa? Lamarin kaɗaici ya kai ga a watan Janairu na 2018 gwamnati ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, alhakin kula da shi.

Tun kafin wannan, mutanen wasu ƙauyuka sun tashi da kansu. A kwarin Cuckmere da ke kudancin Ingila, a 1976 suka fara tafiyar da ƙaramar bas wadda direbobinta duka ƴan sa kai ne, ba mai karɓar albashi. A Holand an fara irinta a 1977. A Jamus kuwa ta farko ta hau hanya a 1985 tsakanin garuruwan Heek da Legden, kuma ƙungiyoyin irinta sun haura 100 a jihar da aka fara. Motar ta Jamus kujerun fasinja 8 gare ta, domin kada a bukaci takardar tuƙin babbar mota. Mafi yawan direbobin dattijai ne da suka ajiye aiki. Likita ya kan duba lafiyarsu, kowa ya ɗauki ƴan sa'o'i a cikin wata. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne motar tana da jadawali: an rubuta ranarta da sa'arta da wurin tsayawarta, an manna kowa ya gani.

Ga mas'alar. Mutumin da ba a biya shi ba, ba a kuma tilasta masa ba, shin yana da damar ya wayi gari ya ce yau ba shi jin fita? Da yawa za su ce ƙwarai kuwa, ai kyauta ce, kuma ba a bin mai kyauta bashi. Maganar tana da ƙanshin gaskiya. Wanda ya ba ka goro jiya bai zama bawanka ba yau.

Amma malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi wa alkawari duba mai zurfi, har Al-Haɗɗab, wanda ya rasu a 954 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a kan abin da mutum ke ɗora wa kansa. Maganar da ta shahara a mazhabar ita ce, alkawarin alheri ya kan zama wajibi, har alƙali ya hukunta da shi, idan an ɗaura shi a kan wani dalili kuma wanda aka yi wa ya riga ya shiga cikin dalilin. Idan ka ce wa maƙwabcinka ya rushe ɗakinsa za ka ranta masa kuɗin gini, ya kuwa rushe, to ba ka da sauran ja da baya, domin maganarka ce ta bar shi a fili.

Mu ɗora wannan ma'auni a kan motar ƙauye. Jadawalin da aka manna alkawari ne. Tsohuwar da ta amsa wa likita ranar Talata saboda Talata ce motar ke wucewa, ta riga ta rushe ɗakinta. Dattijon da ya yarda ya sayar da motarsa don ya ga akwai madadi, shi ma haka. Kuma a ganinmu abin da ke warkar da kaɗaici a nan ba tafiyar kaɗai ba ce. Tabbacin ne. Mutum ya san ranar Alhamis akwai inda za shi, sai ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya tanadi labarin da zai ba abokin kujerarsa. Ya san kuma idan bai fito ba direba zai lura, ya tambaya ko lafiya. Motar da ke zuwa ranar da mai ita ya ga dama tana iya kai mutum kasuwa, amma ba ta iya ba shi wannan. Tsayuwa a bakin hanya cikin sanyi ana jiran wanda ba zai zo ba, ta fi zaman ɗaki ciwo, domin ta haɗa kaɗaici da wulaƙanci.

Wani zai ce: idan kuka ɗaure mai sa kai haka, wa zai sake sa kai? Wannan ƙorafi ne na mai hankali, ba mu raina shi ba. Amsarmu ita ce nauyin ba a kan mutum guda yake ba. Shi ya sa waɗannan mutane suka kafa ƙungiya maimakon kowa ya riƙa ɗaukar maƙwabci idan ya tuna. Direba yana da haƙƙin ya gaji, ya yi ciwo, ya bar aikin gaba ɗaya. Abin da ba shi da haƙƙinsa shi ne ya ɓace ba sanarwa a ranar da sunansa ke kan takarda. Ƙungiyar kuwa, muddin jadawalinta na manne, dole ta nemo wanda zai riƙe sitiyari. Irin wajibin nan ne da idan wasu suka tsaya masa sauran sun huta, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi.

Akwai mai alkawari na uku da bai kamata a bar shi ya sulale ba, wato hukuma. A jihar nan ta Jamus gwamnati na ba da kuɗi wajen sayen motar, kamfanin bas na yankin kuma ya ɗauki nauyin izinin hanya, ƴan gari su ba da lokacinsu. Wannan rabo ne da muke ganin adalci a cikinsa. A Ingila kuwa, daga 2010 majalisun yankuna da dama sun rage kuɗin da suke tallafa wa hanyoyin bas da shi. Mai karɓar haraji ba shi da damar ya mai da kirkin talakawa hujjar ajiye nasa kayan. Shekarar 2020 ta nuna iyakar abin: da annobar korona ta zo, motoci da yawa suka tsaya, domin direbobin kansu tsofaffi ne da cutar ta fi yi wa barazana.

Mu a nan tsofaffinmu ba su cika rasa mai gaisuwa ba, ko da yake cin rani na kwashe majiya ƙarfi daga ƙauyuka. Abin da muke rasawa hanya ce da abin hawa. A jihohin Katsina da Jigawa, maƙwabtanmu, an yi wani shiri da ƙungiyar direbobin haya, inda direbobi ke sa kai su kai mace mai naƙuda asibiti ko da tsakar dare. A nan mas'alarmu ta fi nauyi. Magidancin da direba ya ba lambar wayarsa, ya ce a kira shi kowane lokaci, ba zai tanadi amalanke ba, ba zai roƙi mai babur tun da yamma ba. Direban da ya san zai kwana a wani gari, ko zai kashe waya, sai ya gaya wa mai gari tun rana ba ta faɗi ba, ya kuma faɗi sunan wanda zai tsaya a madadinsa.