Bashin da ke wuyan mai jawabi

Mutumin da ya miƙe gaban jama'a domin ya yi jawabi, me ya ranta daga masu sauraronsa, kuma da me zai biya? Ya kamata mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu mu tsaya a kan wannan tambaya, domin mu ake yawan kira mu yi magana a taruka. Abu na farko da yake ranta shi ne lokaci. Idan mutum 120 suka zauna awa guda, ya karɓi awa 120 ke nan, wato kwana biyar cur na rayuwar bayin Allah da suka bar kasuwa da gona da iyali. Na biyu ya fi nauyi, shi ne yarda: sun ba shi kunnuwansu bisa zaton ya san abin da yake faɗa, kuma ba zai yaudare su ba.

Bayan da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, wata ƙungiyar al'adu ta Maraɗi ta gayyace ni in yi jawabi kan rubutun Hausar boko. Mako uku na yi ina shiri. Tarihin bai ba ni wuya ba: taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 domin daidaita haruffa, da makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, da dokar ƙa'idojin rubutu ta 1999. Wahalar ta ɓullo sa'ad da na fara mayar da abin da na tsara da Faransanci zuwa Hausa. Akwai jimloli masu taƙama a Faransanci, amma da zarar an nemi faɗarsu yadda tsohuwa za ta gane, sai a bukaci sanin wa ya yi me, yaushe, kuma don me. Duk jimlar da ta kasa amsawa, na soke ta. Shafi 12 suka koma biyar. Wannan shi ne kashin farko na biyan bashin: mai jawabi ya sha wahala a ɗakinsa don kada mai sauraro ya sha ta a zaure.

Kashi na biyu ya fi cin rai. Na san abin da zauren ke son ji, wato kirarin Hausa da yawan masu jin ta, kuma na san tafi zai biyo baya. Amma akwai wata magana da ba ta da daɗi: ɗalibai da dama suna gama lise ba su rarrabe baki da baƙi a rubuce, kuma takardar gayyatar da ta kawo ni wurin, da Faransanci aka rubuta ta. In faɗa, ko in haɗiye?

Wani zai ce kara da kunya sun hana baƙo kushe abincin mai gida, musamman gaban dattawa. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin magana zarar bunu ce, kuma gaskiyar da aka jefa don a muzanta mutum ta zama zagi. Sai dai a duba maroƙi. Sana'arsa ba ta da algus, domin kowa ya san yabo ya zo yi, a kansa kuma ake ba shi kyauta. Malamin da aka kira da sunan ilimi, ya ɓige da yabon zaure don neman tafi, shi ne ya yi ha'inci, gama ya karɓi yarda ya biya da daɗin baki. Aikin kara shi ne ta zaɓa wa magana lokaci da lafazi. Ba a ba ta ikon binne maganar ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaida manya, muryata tana ɗan rawa, na kawo tarihin, sannan na ɗaga takardar gayyatar na faɗi abin da ke raina a tsanake, ban ambaci sunan kowa ba. Zauren ya yi tsit na wani ɗan lokaci da na ji kamar yini guda. Can wani dattijo ya ce: «Malam, to daga ina za mu fara?» Muka kwashe rabin awa muna shawara kan darasin rubutu ga ƴan ƙungiyar.

Saboda haka, ɗan'uwa malami, in an gayyace ka jawabi, kafin ka amsa ka lissafa awoyin da za ka ranta, ka kuma tambayi kanka ko akwai maganar da kake shirin haɗiyewa don gudun shirun zaure. In akwai, mai yiwuwa ita ce jama'ar suka fi bukata daga bakinka.