Me Ke Hana Mutum Ɓarna A Ƙasa: Sani, Ko Doka, Ko Tsoron Allah?

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako ina so mu tsaya a kan wata tambaya da ta daɗe tana damuna, tun wata damina da mu ka yi dashen itatuwa a makarantar da na ke koyar da Larabci. Kafin mu fita, na karantar da yara abin da ya inganta a hadisi game da ladan mai dashe, watau duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba su ka ci daga shukarsa ana rubuta masa sadaka. Su ka haddace, su ka kawo fassara ba kuskure. Amma kafin kaka ta wuce awaki sun cinye rabin dashen, sauran kuwa ƙishirwa ta kashe su, alhali ga rijiya a cikin makarantar. Babu ɗayanmu, malamai da ɗalibai, da bai san falalar ban ruwa ba. To, me ya hana sanin nan ya haifi aiki?

Masana halayyar ɗan Adam a ƙasashen Turawa sun daɗe suna kai kawo a kan wannan tambaya. Da farko sun ɗauka jahilci ne cutar, in aka wayar da kan mutum zai gyara. Sai bincike ya nuna musu abin da malamanmu su ka riga su faɗa, cewa ilmi dabam, aiki da shi dabam. A 1990 Robert Cialdini da abokan aikinsa a Amurka su ka nuna da gwaji cewa mutum ya fi saurin yar da shara a wurin da ya tarar da ƙazanta bisa ga wurin da ya tarar a share. Ashe dai ido yana ga abin da maƙwabci ya ke yi.

Wasu kuma su ka ce son kai ne tushen abin. A 1968 wani masanin halittu Ba'amurke, Garrett Hardin, ya buga misali da makiyayar da ba ta da mai ita. Kowane makiyayi zai ga in ya ƙara saniya guda ribar tasa ce shi kaɗai, asarar ciyawa kuwa a kan kowa za a raba ta. Kowa ya yi wannan lissafi, sai makiyayar ta zama faƙo. Maganinsa a ganin Hardin shi ne ko dai a yanka wa kowa nasa, ko kuwa hukuma ta tsare da ƙarfin doka.

Sai wata malama, Elinor Ostrom, ta bi diddigin al'ummomin da su ka yi ɗaruruwan shekaru suna tarayya a abu guda bai lalace ba: makiyayan ƙauyen Torbel a Suwizalan, da dazuzzukan wasu ƙauyukan Japan, da manoman rani na Balansiya a Sipaniya, waɗanda kotunsu ta ruwa ta ke zama kowace Alhamis. A littafinta na 1990 ta bayyana abin da ya haɗa su: an san iyakar wurin da masu haƙƙi a cikinsa, su ne su ke tsara ƙa'ida, akwai masu sa ido daga cikinsu, horo yana farawa da sauƙi sa'an nan ya yi tsanani in an maimaita laifi, kuma hukuma ba ta rushe musu tsarin ba. Wannan aiki ya sa aka ba ta lambar Nobel ta tattalin arziki a 2009.

Ɗalibin fiƙihu ba zai ji wannan baƙo a kunnensa ba, domin ya karanta babin hima. Kalmar ta fito ne daga aikatau na Larabci mai ma'anar karewa, ana nufin filin da aka keɓe aka hana kiwo barkatai a cikinsa. A zamanin Jahiliyya mai ƙarfi shi ke keɓe wa dabbobinsa makiyaya ya kori kowa. Musulunci ya soke wannan, ya bar hima don maslahar jama'a kaɗai. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin lura shi ne umurnin da Umar ya ba mai tsaron himarsa, Hunayyu. Ya hore shi da ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibn Aufi da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gona da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Ga iyaka, ga mai tsaro, ga adalci wajen rabon nauyi.

Ba sai mun tafi nesa ba wajen ganin abin da rashin adalcin nan ke jawowa. A ƙasar Nijar, tun zamanin mulkin Faransa doka ta mai da itatuwa kayan hukuma, har manomi ya kan sha tara a hannun ma'aikatan gandun daji in ya sare reshe a gonarsa. Da ya ke itace ya zama abin jawo masa wahala, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana toho. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa 'yan ciyayin da a ke sassabewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rayayyun saiwoyi, in aka zaɓi toho kaɗan aka bar su za su tashi. Bayan farin 1984, da hukuma ta sassauta, manoma su ka tabbata itacen da su ka raina nasu ne, ƙauyuka kuma su ka kafa masu sa ido, sai aikin ya bazu. Cikin shekara ashirin da 'yan kai aka ƙiyasta gonaki kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoman nan sun san amfanin gawo tun kaka da kakanni, sun san yana kaɗe ganyensa da damina ya ba gero rana da taki. Abin da su ka rasa a da shi ne tabbacin cewa mai wahala shi zai ci moriya.

Daga nan na fahimci kuskurena a makaranta. Na yi wa'azi, amma ban ce wannan dashe na aji kaza ne ba, ban sa an yi shinge ba, ban naɗa mai dubawa ba. Haka kuma mu kan yi a kan mumbari, mu la'anci matar ƙauye mai saran icce don tuwon dare, mu manta da buhunan gawayin da a ke sauke wa gidajenmu a birni. Dora wa mabuƙaci nauyin da mawadaci ya ƙi ɗauka saɓanin koyarwar Umar ne.

Amma kada wani ya zaci tsari ya wadatar. Mai gadi ya kan yi barci, a kan kuma saye shi, dare yana da tsawo, daji yana da faɗi. Wanda ya tsaya da gatari gaban itacen da ba nasa ba, babu mai ganinsa, babu tarar da za ta cim masa, ba abin da zai riƙe hannunsa sai yaƙinin cewa shi halifa ne a kan amana, kuma Mai amanar yana ganinsa. Shi kansa mai tsaron hima da wannan yaƙini a ke samun gaskiyarsa. Saboda haka tsari na adalci shi ke sauƙaƙa wa mai rauni aikata alheri, tsoron Allah kuma shi ke tsare tsarin daga ha'inci.

Ina kira ga limamai da masu unguwanni da dagatai, in sun yi wa'azin dashe da tsabta su zauna da jama'a a fayyace wa ke da alhakin me, wa zai duba, mene ne horon wanda ya saɓa, kuma a fara da manya kafin ƙanana. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Allah Ya sa mu cikin masu gyara a bayan ƙasa, Ya ba mu damina mai albarka, amin.