Wuƙar Tsaga Citta da Hakkin Mai Riƙe da Ita

'Yan'uwa, babu wanda zai koya wa mutumin Kudancin Kaduna darajar citta. Daga Kwoi zuwa Kachia, daga Kubacha zuwa Kafanchan, da ita ake biyan kuɗin makaranta, da ita ake rufin kwano. Nijeriya tana cikin manyan ƙasashe masu noman citta a duniya, mafi yawanta kuwa daga wannan yanki take fitowa. Amma sa'ad da muke ƙirga buhuna a kasuwa, ba safai muke tunawa da hannuwan da suka cika su ba.

Bari mu dubi aikin. Bayan shuka a watan Afrilu ko Mayu, galibi mata ne suke ɗauko ganye a ka domin rufe gona. Su ne suke cire ciyawa da hannu, a sunkuye, gama fartanya takan yi wa citta rauni. Bayan an tone ta, su ne suke zama kwana da kwanaki suna tsaga ta da wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, kafin a shanya. Ruwan citta yana da zafi, in ya shiga yanka a yatsa, mai yankan ce kaɗai ta san abin da take ji. Ga ciwon baya, ga goyo, ga tuwon dare yana jiranta.

Tambayarmu ke nan: in mai gona ya biya ladan da aka shirya, ya sauke dukan hakkin da ke wuyansa? Muna ganin bai sauke ba. Ya sayi aikin yini ne, bai sayi lafiyar jikin ma'aikaciya ba. A shekarar 1981, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar a wasiƙarsa Laborem Exercens cewa an yi aiki domin mutum ne, ba mutum domin aiki ba. Saboda haka safar hannu, da wuƙa mai kyakkyawar ƙota, da inuwa, da benci, da ruwan sha ba alfarma ba ne. Bashi ne. Wannan ya shafi miji ma, gama aikin da mata take yi a gonar gida ba tare da lada ba, aiki ne.

Wani zai ce, ai magani shi ne injin tsaga citta. Gaskiya ne, injin yana gama aikin kwanaki cikin awoyi. Amma a nan akwai tarko. Sau da yawa in inji ya shigo sana'a, aikin yakan koma hannun maza masu jari, mace kuwa ta huta da ciwon yatsa, ta kuma rasa ɗan kuɗin da take samu. Tausayin da ya raba gwauruwa da abincinta, wane irin tausayi ne? Ashe batun ba na inji kaɗai ba ne, batun shi ne wa ya mallake shi.

Annobar da ta ruɓar da citta a 2023 ta tsananta wannan tambaya. Sa'ad da iri ya yi tsada, riba ta ragu, jarabar farko ita ce a rage ladan wadda ba ta da bakin magana. Hasara ta kowa ce, bai kamata a jibga ta a kan mafi rauni ba.

Me za mu yi? Matan zumunta sun daɗe da sanin adashi. Abin da ya iya sayen anko zai iya tara kuɗin inji na haɗin gwiwa. Maza su ba matansu filin kansu, su bar musu kuɗin abin da suka noma. Masu ɗaukar 'yan ƙwadago su biya a ranar, kada su ce sai an sayar. Kafin kaka mai zuwa, bari kowane mai gona ya dubi tafin hannun wadda take tsaga masa citta, sa'an nan ya yanke ladanta.