Wasiyya ga muridai a kan tsuntsayen bayan gida a ranar hunturu

Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya dare da rana, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa a cikin ɗariƙa, labari ya iske ni cewa sahun wazifa ya ragu a Burumburum tun da hunturu ya sauka. Wani ya ce ruwan alwala na yanka hannu, wani ya ce ba ya jin ɗanɗanon zikiri. To, ku saurara.

Na zauna jiya a bayan gida, gindin tsamiya. Da asuba hazo ya rufe gari, har ba a ganin rumbu daga bakin zaure. Da hantsi rana ta buɗe. Da la'asar iska ta taso da ƙura, sanyi ya komo. Yini ɗaya, hali uku.

Kurciya ta yi kukanta a cikin hazo, ta yi shi a cikin rana, ta yi shi a cikin ƙura. Tsada ta sauko tana tsintar tsabar gero a gindin turmi, ba ta da rumbu, ba ta kwana da yunwa ba. Amma ƙadangare bai hau katanga ba sai da rana ta yi zafi, yana ta gyaɗa kai. Da iska ta juya, ya shige rami.

Ka sani, ya kai muridi, zuciya ma haka take. Malaman tasawwufi suna kiran ƙuncinta ƙabdu, buɗinta kuwa basɗu. Dukansu baƙi ne, kamar shamuwa da ta bar sheƙarta, sai damina ta komo. Wuridi shi ne ɗan gida. Istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, alkawari ne ka ɗauka, ba a shardanta maka jin daɗi ba. Wanda ba ya zikiri sai ya ji daɗi, daɗin yake nema.

Kada ka raina koyo daga tsuntsu. Hankaka ne ya koya wa ɗan Annabi Adamu binne gawa, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida.

Saboda haka ka ɗuma ruwanka, babu laifi, ka yafa bargonka, ka zo sahu. Ka ajiye kasko da ruwa a bayan ɗaki, gama tafkuna suna ƙafewa. Ka hana yaranka harbi da danƙo don wasa.

Allah Ya ba mu tabbata a cikin hazo da rana. Amin. Ya cika da godiyar Allah.